Ludayi ba ɗan "ladle" ba ne, ba kuma ubansa ba ne

A wajen wata walimar suna aka kawo fura da nono a ƙwarya, da ludayin duma irin na dā. Wani malamin makaranta da ke kusa da ni ya ɗaga nasa, ya jujjuya shi, ya dubi samarin da ke gefe ya ce: "Kun ga wannan? Ko sunansa ma ba namu ba ne. Turanci ne, *ladle*. Bakin Bahaushe ne ya karya shi ya koma ludayi."

Wani saurayi ya ce: "Allah gafarta Malam, ai su suka sata a wurinmu. Mu ke da duma. Su ina suka ga duma a ƙasar ƙanƙara?"

Aka rabu gida biyu, kowa ya kafe. Abin ya tsaya mini a rai, domin a cikin masu gardamar nan har da masu digiri, amma ba wanda ya tambayi yaushe aka fara rubuta kalmar Turancin, ko yaya ake faɗinta a wancan lokaci.

Ga matsayina tun kafin mu yi nisa. Malam bai yi daidai ba, saurayin ma bai yi daidai ba. *Ladle* ta Turawa ce tun kaka da kakanni, ludayi kuma na Hausawa ne, ba wadda ta haifi wata. Wannan ɗabi'a tamu ta yanka wa kalma asali da kunne kawai, da zarar amo ya yi kama, ya kamata a daina ta, musamman masu tsayawa gaban allo.

Inda ladle ta fito

Turanci harshe ne da aka daɗe ana rubuta shi, saboda haka ba sai an yi duba ba. A rubuce-rubucen Ingila na kafin 1066, shekarar da mutanen Nomandi suka ƙetaro daga Faransa suka ci ƙasar, kalmar tana nan, an rubuta ta *hlædel*. Ta fito ne daga aikatau *hladan*, wanda ke nufin ɗora kaya, yake kuma nufin ɗebo ruwa. Sai aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar *-el*, wadda aikinta shi ne ta mai da aiki ya zama sunan abin da ake yinsa da shi. *Hlædel* ke nan, abin ɗiba. Da Bahaushe ne sai ya ce maɗebi.

Mu a goshi muke yin wannan gini. Daga tacewa muka sami mataci, daga tankaɗe matankaɗi, daga burgawa maburgi. Su a ƙeya suke liƙa nasu. *Shovel* daga *shove* take, wato turawa. *Spindle*, mazari, daga *spin*, kaɗi. *Thimble*, ƙarfen da tela ke sa wa ɗan yatsa, daga *thumb*. *Handle*, mariƙi, daga *hand*. *Ladle* tana cikin wannan dangi tsamo-tsamo, kowane ɓangare nata yana da ma'ana a cikin harshen da ya haife ta.

To ina *h* ɗin farkon ta tafi? Ba ita kaɗai ta rasa ta ba. Turawan dā suna da kalmomi da dama masu farawa da *hl*, kuma zuwa wajen ƙarni na 13 duk sun yar da *h*. Murfin tukunya *hlid* ne a dā, ya koma *lid*. Tsani *hlædder* ne, ya koma *ladder*. Curin burodi *hlaf* ne, ya koma *loaf*. Daga wannan *hlaf* ɗin ma aka sami manyan kalmomin nan biyu na sarauta: *lord* asalinsa *hlafweard*, mai tsaron burodi, *lady* kuma *hlæfdige*, mai kwaɓa shi. Ashe duk girman kan majalisar dattawan Ingila, daga madafa sunan ya fito. Abin lura dai shi ne sauyin bai zaɓi kalma ɗaya ba, ya bi duk masu irin wannan farko ya aske su tas. Da haka masana ke gane cewa suna kan sawun gaskiya.

Tana da 'yan uwa kuma a maƙwabta. Jamusawa da mutanen Holan har gobe suna cewa *laden* idan za a yi wa mota ko jirgi kaya. A tsohon harshen Norwe da Aisilan akwai *hlaða*. A Turancin kansa aikataun bai mutu ba, ya koma *lade*, kuma duk ɗan kasuwar da ya taɓa fito da kwantena daga tashar Apapa ya riƙe takardar da ake kira *bill of lading*. Kalmar da ke kan takardar nan da ludayin miyar Bature uwarsu ɗaya.

Ga wani abu da nake so mai karatu ya riƙe. Kowa zai ɗauka *load*, wadda muka ara muke cewa lodi a tashar mota, daga nan take ita ma. A'a. Asalinta *lad*, hanya ko tafiya, 'yar uwar *lead*. Zama kusa da *lade* ne ya ja ma'anarta ta koma kan kaya. Kalmomi biyu a harshe ɗaya, amo kusan ɗaya, ma'ana kusan ɗaya, amma tushe daban. Idan kunne zai iya yaudarar mutum a cikin gida ɗaya, ina ga tsakanin Landan da Kano?

Abin dariyar ma, madafar Bature cike take da kayan aro. *Kitchen* daga Latin *coquina*, *kettle* daga *catillus*, *fork* daga *furca*, *dish* daga *discus*. *Ladle* tana cikin 'yan kaɗan ɗin da suke nasu na gado.

"Ai Hausa ta ari kalmomi da yawa daga Turanci"

Ƙwarai kuwa, kuma ba abin kunya ba ne. Bokiti, kofi, faranti, tire, filas, firji, kula, har shi kansa kicin, duk na aro ne. Wannan ce hujjar Malam, kuma ita ta fi ƙarfi a cikin biyun.

Sai dai aro yana da ƙa'ida. Bakin Bahaushe ba ya karya kalma yadda ya ga dama, hanya ɗaya yake bi kusan kullum. Dubi abin da ya yi wa kalmomin Turanci masu ƙarewa irin ta *ladle*. *Table* ta zama tebur. *Cable* ta zama kebur. *Candle* ta zama kyandir, *bicycle* basukur, *pencil* fensir. *Shovel* da muka ambata ɗazu, wadda ke ɗauke da ɗafa-ƙeya iri ɗaya da ta *ladle*, ta zama shebur. Lam ɗin ƙarshe tana komawa ra. Wasalin da ke cikin *table* da *cable*, wanda shi ne dai a cikin *ladle*, yana fitowa *e*.

Saboda haka da mun ari *ladle*, da yau ledur muke cewa, ko ledir. Daga ina *u* mai tsawo ta ludayi za ta fito? Daga ina *-ayi*? Duk mai cewa aro ne, sai ya kawo wata kalmar Turanci ko da guda ɗaya da ta bi wannan hanyar.

Sai batun jam'i, wanda a ganina shi ne ya kashe maganar. Tsohon jam'in ludayi, wanda ƙamusoshin Hausa suka adana, shi ne luwadu. Irin ginin dutse da duwatsu ne, murhu da murahu, turke da turaku, gurbi da gurabu. Wannan gini na tsofaffin kalmomi ne, ba ya karɓar baƙi. Kalmar da ta shigo jiya motoci take yi, ko bokitai, ko kofuna, ko tebura. Jam'in ya kuma tona mana cewa akwai *w* a ɓoye cikin tushen kalmar, kamar yadda duwatsu ya tona ta dutse.

Yanzu a jera su. Idan aka bi *ladle* baya, ana isa ga *hlædel*. Idan aka bi ludayi baya, ana isa ga tushe mai *l* da *w* da *d*. Kalmomin da suke 'yan uwa na gaskiya, duk yadda aka koma baya ƙara kama suke yi. Waɗannan kuwa ƙara rabuwa suke yi.

A bar nahawu ma, a dubi abin da kansa. Yawanci suna yana shigowa ne tare da sabon abu. Firji ya zo da sunansa domin ba mu da shi, randa muke da ita. Ludayi fa? Duma ne mai dogon wuya, a bar shi ya ƙosa a jikin yaɗonsa, a tsinke a shanya har ya bushe ya yi ƙarar 'ya'ya idan an girgiza. Sai a tsaga shi gida biyu a tsaye, daga kai har wutsiya, a kwashe cikin, a kankare, a jiƙa don ɗacin ya fita. Duma ɗaya, ludayi biyu. Ka tsaya gaban mai fura ka ga yadda take danna curin da bayansa a jikin ƙwarya, tana juya ƙwaryar da ɗaya hannun har gudajin ya mutu, sannan ta juya cikinsa ta ɗebo nono ta ƙara. Wannan hannu bai koyi aikinsa daga kukun Joji ba.

Kuma kalmar ta riga ta shige cikin azancin magana. Sabon gwamna ya hau, sai a ce bari mu ga kamun ludayinsa. Sojojin Lugga sun shiga Kano ne a watan Fabrairun 1903. Ashe kafin nan masu shan fura na Kano da Katsina da Damagaram da me suke kiran abin da ke hannunsu?

Na san akan ari suna ko da ana da abin, don burga ko don yayi. Muna da madafa muka ɗauko kicin. Amma a irin wannan hali tsohuwar kalmar tana nan gefe, kowa ya san ta. Ina tsohuwar kalmar da ludayi ya ture?

"To, su suka sata"

Wannan ta fi daɗin ji, ta kuma fi sauƙin rushewa. Hugh Clapperton, ɗaya daga cikin 'yan Birtaniya na farko da suka tako ƙasar Hausa, ya iso Kano a watan Janairun 1824, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Lokacin nan *hlædel* ta yi shekara ɗari takwas ko fiye a kan takarda.

Gaskiya ne duma tsohon tsiro ne a Afirka. Amma tsufan abu daban, tsufan sunansa daban. Bature bai buƙaci duma ba kafin ya ɗebi miya, itace ya sassaƙa, daga baya ya ƙera na ƙarfe, ya kuma kira shi da aikin da yake yi.

Wani zai ce ai ta iya bin ayarin Sahara ta isa can tun da daɗewa. Kalmar da ta yi irin wannan tafiya tana barin sawu a kowane zango. Ɗauki sukari. Daga Indiya ta taso, *sharkara* a harshen Sanskirit, Farisawa suka ce *shakar*, Larabawa *sukkar*. Daga Larabci ta rabu biyu: ta haye teku ta zama *zucchero* a Italiya, *sucre* a Faransa, *sugar* a Ingila, ta kuma gangaro kudu ta zama sukari a bakinmu. Kowane zango ana iya nuna shi da yatsa. Ludayi kuwa, Balaraben da zai ɗauke shi *migrafa* yake cewa, ɗan Italiyan da zai karɓa *mestolo* yake cewa. Babu sawu ko ɗaya a kan hanyar.

"Ruwa ba ya tsami banza"

Haka wani ya ce da ni da na yi wannan bayani. Amo ya yi kama, ma'ana ɗaya ce tak, a ce duk haɗuwa ce kawai?

E, haɗuwa ce. Sautukan da kowane harshe ke aiki da su 'yan gomomi ne, kalmominsa kuwa dubbai ne. Ka ɗauki kowane harsuna biyu a duniya ka jera ƙamusunsu, dole ka ci karo da wasu da suka yi karo da juna. A nan ma baƙaƙe biyu ne kacal suka dace, *l* da *d*.

An ga waɗanda suka fi wannan ban mamaki. A Farisanci *bad* na nufin mummuna, daidai da Turanci, kuma masana sun bi tarihin kowacce sun tarar ba su haɗa komai ba. A arewacin Ostireliya akwai wani harshe da ake kira Mbabaram. Da masanin harsuna R. M. W. Dixon ya je nazarinsa a shekarun 1960, ya tambayi sunan kare, aka ce masa *dog*. Ba aro ba ne. Daga tsohuwar kalmar yankin ce, *gudaga*, wadda sauye-sauyen harshen suka gutsure har ta koma haka. Kama da wane ba ta wane.

Sau da yawa ma 'yan uwan gaskiya ba sa kama. Gahawa da *coffee* uwarsu ɗaya, *ƙahwa* ta Larabci, wadda ta bi ta bakin Turkawa ta zama *kahve* kafin ta shiga Turai. Kofin da muke zuba gahawar a ciki kuwa, wanda kunne zai rantse daga *coffee* yake, daga *cup* ya fito.

"Hira ce kawai, me ta ɓata?"

Da a bakin walima take tsayawa, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma malamin da ya faɗa a can zai faɗa a aji, yara su rubuta a littafi, wani ya girma ya maimaita a rediyo. Daga nan ta zama "sananniyar magana".

Mun riga mun ga yadda hakan ke ƙarewa. Shekara da shekaru ana koyar da cewa boko daga *book* take. Da rikicin Boko Haram ya ɓarke a arewa maso gabas a 2009, jaridun duniya suka ɗauka suka yi ta yaɗawa, mu ma muna tayawa. Sai a 2013 Paul Newman, masanin nahawun Hausa da ya yi aiki a Kano a shekarun 1970, ya rubuta maƙala a kai ya nuna boko Bahaushiyar kalma ce tun asali, mai nufin abin yaudara ko na jabu. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo ta da wannan ma'ana, kuma tsofaffin mata sun san amaryar boko tun kafin a ga allon makarantar gwamnati. Ƙa'idar aro ma ta ƙi yarda: *cook* ta zama kuku, to *book* buku za ta zama.

Dubi abin da ƙaryar ta ɓoye. Kakanninmu ba sunan littafi suka ba wa karatun Nasara ba. Hukunci suka yanke masa, suka kira shi na jabu idan aka gwada shi da na allo. Ko mutum ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba, wannan babi ne na tarihinmu, kuma shaci-faɗin *book* ya shafe shi.

Maganar ludayi ma ɓarna take yi ta fuska biyu. Ta Malam tana koya wa yaro cewa ko abin da kakarsa ke dama masa koko da shi sai da Bature ya raɗa masa suna. Ta saurayin tana koya masa alfahari da abin da ba zai iya karewa ba ranar da ya haɗu da wanda ya karanta. Alhali labaran gaskiya suna nan birjik ba mai ɗauka. Cokali, alal misali, ba daga Turawa muka samo sunansa ba, daga Buzaye ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya buɗe wa ɗalibi hirar ayarin gishiri da dangantakar Agadas da Kano.

"Ai Turawan ne suka rubuta ƙamusoshin"

Wannan ƙorafi ina girmama shi, domin an sha rubuta mana tarihi a karkace. Amma a nan ba a ce a yarda da kowa don farar fatarsa ba. Babban ƙamus ɗin Oxford, wanda aka fara fitarwa kashi-kashi a 1884 aka kammala a 1928, tsarinsa shi ne ya kawo kowace kalma da jimlolin da aka same ta a ciki, da shekarar kowace jimla, da takardar da aka ciro ta. Takardun suna nan a ɗakunan karatu, mai shakka yana iya zuwa ya duba. Tebur da shebur da luwadu kuwa ba a Oxford suke ba, a bakinmu suke.

Kuma ba ɓoye aro suke yi ba. Su da kansu suka rubuta cewa madafarsu da butarsu da cokalinsu mai yatsu sunayen Rumawa ne. Inda tushe ya ɓace musu suna faɗa: *dog* ɗin nan tasu, har yau ƙamus ɗin bai gano inda ta fito ba. Mutanen da suka amsa bashin Latin da Faransanci da Larabci da Hindi, ban ga dalilin da zai sa su yi rantsuwar ƙarya a kan ludayi ba.

Da suka ɗauka a wurinmu ma sun rubuta. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da *Kannywood* da *buka*, ɗakin sayar da abinci, wadda suka danganta da Hausa da Yarabanci, bukkarmu ke nan. Daga baya *suya* ta bi sahu. Wanda ke neman kalmar madafa da zai nuna wa Bature ya ce wannan tamu ce, ga suya nan a cikin littafinsu, da shekararta da shaidarta.